Ba kullum ne laifin "rezo" ba

Ƴan kasuwa da iyayena mata masu sana'a. Wace ce cikinku ba ta taɓa barin kayanta a rumfa ta biya kuɗin mota daga Droum zuwa Damagaram don amsar kuɗin da ɗanta ya aiko daga Agadas, aka ce mata "babu rezo, sai gobe" ba? Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa cutar tana cikin shagon.

Sau da yawa shagon da ke da kwamfuta da yawa yana da wani ɗan akwati mai ramuka da ake kira suwic, inda wayoyinsu ke haɗuwa. In yaron shago ya ga waya na lilo ya cusa bakinta biyu cikin akwati ɗaya, ko aka haɗa akwati biyu da waya biyu, saƙo sai ya yi ta zagaye yana ninkuwa har hanya ta cushe. Mu ma'aikatan rediyo mun san irin wannan: ka kusantar da makirfo ga lasifika ka ji ƙarar da ke toshe kunne.

Maganin ya daɗe. Wata Ba'amurkiya, Radia Perlman, ta ƙirƙiro shi a 1985, ana ce masa STP. Akwatunan na aika wa juna saƙo duk daƙiƙa 2, su zaɓi shugaba, su rufe hanyar da ta yi yawa su ajiye ta don ranar da ta farko ta yanke. Tsohon tsarin kan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya daidaita. Na 2001, RSTP, ya fi shi sauri nesa.

Amma sai an saita shi da kyau. A Nuwamba 2002 asibitin Beth Israel Deaconess na Boston ya yi kusan kwana 4 likitoci na aiki da takarda da biro saboda wannan tsari ya rikice musu.

Don haka, Alhaji mai buɗe shagon aika kuɗi ko sayar da wifi, kar ka bi araha, galibin ƙananan suwic ba su da wannan kariya. Tambayi mai sayarwa ko akwai STP. Ka biya ma'aikaci ya kunna shi, ya zaɓi akwatin da zai zama shugaba da kansa, ya kulle ramukan da ba a aiki da su, ya liƙa wa kowace waya suna. Hajiya kuma, in an ce miki babu rezo alhali salularki na kama intanet, ki tambaye su ko sun duba akwatinsu kafin ki koma tasha.