Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Kwalliyar Amare na Tambuwal da Kebbe

Wannan wasiƙa tana jan hankalin masu sana'a kan zanen gira na dindindin, wato cusa launi cikin fata da allura, saɓanin lalle da tozali masu gogewa. Ba kowace mace wannan zanen ya dace da ita ba. Mai ciwon suga rauninta kan jinkirta warkewa, mai shan warfarin ko asfirin kuwa, waɗanda ke rage daskarewar jini, tana iya zubar da jini, launin ma ya ƙi zama. Wadda tabonta ke kumbura ya yi tudu, kamar yadda ake gani bayan hujin kunne, tana cikin haɗari, domin tudun ba ya sacewa da kansa. Mai juna biyu ma gara ta dakata. Ana roƙon a riƙa tambaya kan waɗannan abubuwa kafin a ɗauki allura, wadda ake shakka a kanta kuma a tura ta wurin likita.