Kada Agogon Waya Ya Yi Mana Ciniki

A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Mun koka ƙwarai, amma mu nawa ne muka rage saye?

Masu kasuwanci a intanet sun san zuciyar mutum. Sukan rubuta ₦9,999 don ido ya ga dubu tara, ba goma ba. Sukan soke tsohon farashi, su sa agogo yana ƙirga mintoci, wai rangwame ya kusa ƙarewa. Datar tsakar dare kuwa araha ce, sai mu kwana kallon bidiyo, ran Lahadi mu yi ta gyangyaɗi a sujada. In kuɗi ya ƙare, manhajar bashi na jiranmu. Ruwan bashin ne ke cinye baikonmu da kuɗin makaranta.

Mu tuna da Isuwa a Farawa sura 25. Yunwa da gaggawa suka sa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate. Waya ba zunubi ba ce, amma kamunkai yana cikin 'ya'yan Ruhu, kuma ya shafi aljihunmu.

Ga shawara a wannan mako: duk abin da waya ta ce mu saya yanzu-yanzu, mu bari ya kwana, mu yi addu'a. In da safe muna bukatarsa, mu saya. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.