Mutum Shida, Har Da Jariri

A watan Agustan bara Yayana ya kira ni daga kudancin Faransa, daidai lokacin da nake shirin shiga ɗakin watsa shirye-shirye. Daga jin muryarsa na san ba lafiya ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tuƙin motar bas a can, kuma a wannan shekarar ce Allah ya nufa Innarmu ta samu biza ta je ganin jikokinta. Tun watan Janairu yake tara kuɗi don ya kai ta ta ga teku, abin da ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta a ƙasar Damagaram. Ya kama wuri ta intanet a ɗaya daga cikin sansanonin shaƙatawa da Faransawa ke kira kampin, inda iyali ke kafa tanti ko su karɓi hayar ɗan gidan katako su yi kwanaki a bakin ruwa. Bayan tafiyar awa biyar suka isa. Matashiyar da ke karɓar baƙi ta ƙirga su: shi, matarsa, yara uku, Inna, da jaririya ƴar wata biyar a goye. Ta ce bakwai ne, kuma ƙa'ida mutum shida ne a kowane fili.

Yaya ya ce mata ai jaririyar ba ta biyan ko sisi, haka aka rubuta a takardar farashi. Ta ce gaskiya ne ba ta biya, amma tana cikin lissafi. Ta nuna masa wani ɗan layi can ƙasan sharuɗɗa: mutum shida, har da jariri. Inna ba ta jin Faransanci, amma ta ga yatsa yana ƙirga su, ta kuma ga fuskar ɗanta. Da surukarta ta yi mata bayani, sai ta ce: "To ai ni ce ta bakwai. Ku shiga abinku, ni sai in zauna a mota." Wannan maganar ce ta sa Yaya ya ɗauki waya ya kira ni, ita ce kuma ta sa nake wannan rubutu.

Ƙarshenta dai fili na biyu suka karɓa, can ɗaya gefen sansanin, a kan cikakken farashi. Da yake ba a barin yara su kwana su kaɗai, Yaya ya koma can da babban ɗansa, ya bar matan da ƙananan a nan. Kwana goma da suka shirya ya koma shida, don aljihu ya ƙare.

Bari in fara da abin da ke kan ɗan'uwana: bai karanta sharuɗɗa har ƙarshe ba, na kuma faɗa masa. Ita ma matashiyar ba ta da laifi, aikin da aka sa ta take yi. Rigimata da ƙa'idar ce, da waɗanda suka zauna suka yanke cewa iyali a kan mutum shida yake tsayawa. Kuma ba sansani ɗaya ba ne. Faransa tana da irin waɗannan wurare fiye da 7,000, ta fi kowace ƙasa a Turai, kuma wannan adadi na shida shi ne za ka yi ta cin karo da shi a sharuɗɗansu. Ko a Amurka, a gandun Yosemite na gwamnati, mutum shida ne a fili ɗaya, har da yara.

In ka tambayi masu sansani dalili, za su ce tsaro da inshora. Ba na raina zancen tsaro. Ranar 22 ga Satumba 1992 kogin Ouvèze ya cika ya share sansanoni a Vaison-la-Romaine. Ranar 7 ga Agusta 1996 ambaliya ta gangaro daga duwatsu ta afka wa wani sansani a Biescas ta ƙasar Sifen, mutum 87 suka rasu. A Yulin 2022 gobarar daji ta cinye sansanoni biyar kusa da tudun rairayin Pilat, bayan an kwashe dubban mutane. Duk wanda ya san waɗannan ba zai ce a bar jama'a su cunkushe yadda suka ga dama ba. Mai sansani dole ya san mutum nawa ne a wurinsa, a ina kowa ya kwana, ta wace hanya zai fita.

To amma mu yi wa juna adalci. Tsaro yana bukatar a san adadi, bai ce a raba uwa da uba ba. A daren gobara, wane iyali ne ya fi sauƙin fitarwa: wanda yake wuri ɗaya, ko wanda uban yana gabas uwar tana yamma, kowa yana neman ɗan'uwansa cikin hayaƙi? Iyalin Yayana bakwai suke a fili ɗaya, bakwai suke a fili biyu. Ruwan da za su sha bai ragu ba, layin banɗaki bai ragu ba, yawan mutanen da za su bi ƙofar fita bai ragu ba. Abu ɗaya ne ya canza, shi ne kuɗin da ya shiga akwatin mai sansani. In har mutum na bakwai haɗari ne, ta yaya biyan kuɗi ya mayar da shi lafiya?

Ga wani abin dubawa. A tsarin ba da taurari na Faransa, filin kafa tanti ba ya kasa murabba'in mita 70, kuma da yawa sun haura haka nesa ba kusa ba. Amma ko filin ƙarami ne ko babba, adadin yana nan a shida. Samari shida majiya ƙarfi, da kiɗansu da hayaniyarsu, ƙa'ida ta yarda da su. Tsohuwa mai jan carbi da jaririyar da ba ta da wurin kwana sai jikin uwarta, su ne suka yi yawa. Ƙa'idar da ba ta bambance jariri da ƙato ba, ba ta bambance faɗin fili ba, ba da awo aka yi ta ba. An dubi irin iyalin da aka saba gani ne, uwa da uba da yara biyu, aka ƙara gurbi biyu na alfarma, aka ja layi. A ɗan gidan katako mai gado shida zan iya fahimta, don gado ba ya haihuwa. A buɗaɗɗen fili kuwa, hujjar ba ta da ƙafafu.

Abin mamaki, Faransa ba ƙasa ba ce da ta jahilci babban iyali. Tun 1920 take ba da lambar yabo ga iyayen da suka reni ƴaƴa da yawa. Tun 1921 take da katin rangwamen jirgin ƙasa na manyan iyalai: mai ƴaƴa uku ana rage masa kashi 30 cikin ɗari, mai shida ko fiye kashi 75. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako biyu tare da albashi, kuma tun daga nan leburori suka fara ɗaukar iyalansu zuwa bakin teku. Kampin shi ne hutun wanda otal ya fi ƙarfinsa. Yau hutun ya kai mako biyar, amma har yanzu kusan mutum huɗu cikin goma a ƙasar ba su zuwa ko'ina. Wato jirgi zai kai mai ƴaƴa shida har bakin ruwa a farashi mai rahusa, sannan mai gadin sansani ya ce masa ya yi yawa. An ba ka da dama, an karɓe da hagu.

Su wa wannan ƙa'ida take cizo? Ba attajirai ba, su gida sukutum suke haya. Tana cizon direban bas, da mai shara, da mai gadi. Tana cizon Bafaranshen da ya haifi biyar, da wanda ya auri mai ƴaƴa shi ma yana da nasa, da wadda ta ƙi barin tsohuwarta ita kaɗai a gida. Tana kuma cizon ƴan'uwanmu mazauna can fiye da kima, domin mu in an ce iyali, kaka tana ciki, ɗan ƙanwa da ake riƙo yana ciki. Ban ce an rubuta ta don a kore mu ba. Amma ƙaya ba ta bukatar niyya kafin ta soki ƙafa.

Da na kawo zancen a shirina, ban ambaci sunan kowa ba, na ji ra'ayoyi iri uku da nake son amsawa. Wani ya ce: wa ya aike su hutu, ga talauci a gida? Malam, mutumin da ke tashi da asuba cikin sanyi shekara guda cur, yana kuma aiko wa gida da kuɗi duk wata, ya cancanci kwana goma da ƴaƴansa. Hutu ba almubazzaranci ba ne. Wani ya ce: wa ya sa su haihuwa da yawa? Wannan muhawara ce ta daban, ana iya yin ta, amma ba a ƙofar sansani ba, ba kuma a kan idon yaran da suka riga suka zo duniya ba. Yaro yana ji in ana ƙirga shi a matsayin rara, kuma ba ya mantawa. Na ukun shi ya fi tayar mini da hankali, ya ce da an lulluɓe jaririyar an wuce da ita. A'a! Wannan ƙarya ce, kuma ƙarya mai haɗari. Ranar da ruwa ko wuta ta zo, masu ceto da rajista suke aiki. Wanda ba a rubuta ba, ba a nemansa. Wannan ma wani laifin ƙa'idar ne, don tana koya wa mutanen kirki ɓoye ƴaƴansu.

Gyaran ba shi da wuya. A ɗaura adadi a kan faɗin fili da yawan banɗakuna, ba a kan lamba ɗaya da aka kwafo daga maƙwabci ba. Jaririn da bai kai shekara biyu ba a rubuta shi a rajista don tsaro, kada a sa shi cikin lissafin cika. Kowane sansani ya ware ƴan filaye masu faɗi don iyalan da suka kai takwas ko goma. In dole sai fili biyu, a ba su masu maƙwabtaka da juna, a kuma rage kuɗin na biyun. Sannan a rubuta ƙa'idar da manyan baƙaƙe tun a shafin farko, kafin mutum ya biya, ba a ƙasan takarda ba inda sai mai tabarau. Ƴan'uwanmu na can kuma su daina haɗiye abin su yi shiru. Akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar iyalai ta UNAF, wadda tun 1945 take magana da yawun iyalai a gaban hukuma, kuma tana da rassa a jihohi. A kai kuka can a rubuce. Kafin a biya kuɗi kuma, a faɗi adadin iyali ɗaya bayan ɗaya, a nemi amsa a rubuce.

Ina kuma jan kunnen namu na gida masu gina wuraren shaƙatawa da masaukai. Mun iya kwafo takardar sharuɗɗa daga Turai ba mu karanta ba. A Nijar mace takan haifi wajen ƴaƴa shida, don haka wanda ya rubuta mutum shida a ƙofarsa ya kori mafi yawan maƙwabtansa tun kafin su yi sallama.

Inna ta dawo gida lafiya, ta ga teku, ta ce ruwan ya yi gishiri da yawa. Duk wanda ya zo yi mata barka da zuwa tana ba shi labarin jikokinta da na jirgin sama. Ba ta taɓa ɗauko zancen ƙofar nan ba. Sau ɗaya kawai, muna zaune mu biyu bayan sallar isha'i, ta tambaye ni nawa Yayana ya ƙara biya saboda ita. Na ce mata ba saboda ita ba ne. Ba ta yarda ba.