Ɗakinmu na Ojota yana ƙamshi, amma tari bai bar mu ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da muke karatu a Legas muna kwana a Ojota, Ketu, Mile 12 da Agege. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

A satin jarabawar zangon da ya wuce, wajen ƙarfe biyun dare, na farka na ji abokin zamana yana numfashi kamar ana busa usur. Yana zaune bakin katifa ya dafe gwiwoyinsa, ko magana ba ya iya haɗawa. Asma ce. Tun yana yaro yake da ita, amma ya ce rabon da ta taso masa haka tun yana ƙaramar sakandare a Funtuwa. Allah ya taimaka abin shaƙarsa yana cikin jaka. Muka fito da shi waje, muka zauna kan bencin mai shayi har aka kira assalatu. Jarabawar ƙarfe tara dai ya shiga ya rubuta, amma shi kaɗai ya san abin da ya rubuta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da na koma ɗakin ɗauko masa riga. Ai mutum ba ya jin warin ɗakinsa sai ya fita ya dawo. Hayaƙin igiyar leko, ragowar turaren wutar da na kunna bayan isha'i, warin kananzir na rishon da muka dafa taliya, jiƙaƙƙun kaya a kan igiyar da muka ɗaura daga ƙusa zuwa ƙusa, ga kuma wani wari mai sanyi da bangon yake fitarwa. Mu uku muke kwana a ciki. Taga ɗaya ce, ita ma a rufe, har da tsumma muka cusa a inda gilashi ɗaya ya fashe.

Ra'ayina, wanda na san wasu ba za su so shi ba, shi ne mun taho Legas da dabarun zaman ɗakin Arewa, kuma a nan cutar da mu suke yi. A gida abokin gabarmu ƙura ce, don haka muka saba rufe taga, mu saki labule, mu turara ɗaki. Busasshiyar iskar Kano ko Katsina tana yafe mana kurakurai da yawa. Ka wanke kaya da hantsi, kafin azahar sun bushe ƙayau. A Legas kuwa, cikin watan Yuni da Yuli, wando yana iya kwana uku a kan igiya, ka ɗauko shi yana tsami.

Kuma ban ce ba mu da dalilin rufe tagar ba. Duk wanda ya zauna Ojota ya san idan iska ta kaɗo daga bolar Olusosun ba sai an faɗa maka ba. Waɗanda suke unguwar a watan Maris na 2018 har yau suna ba da labarin gobarar da ta tashi a bolar, hayaƙi ya lulluɓe wajen kwana da kwanaki, har gwamnatin Ambode ta sanar da rufe ta, daga baya aka ci gaba da zuba shara. Ga Ikorodu Road da tashar Ojota, danfo da tireloli suna tuttuɗa baƙin hayaƙi dare da rana. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum 11,200 a Legas a shekarar 2018 kaɗai. Ƙananan ƙwayoyin hayaƙin da ake kira PM2.5 sun kai 68 a ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya yanzu take cewa kada ya wuce 5 a matsakaicin shekara. Ƙara da sauro, ƙara da masu zura sanda ta taga su jawo waya. Duk gaskiya ne. Sai dai garin gudun gara mun faɗa gidan zago, domin rufe tagar bai hana na waje shigowa ba, kawai ya hana wanda muke haɗawa da hannunmu fita.

Bari in fara da danshi, don shi ne muka fi jahilta. A damina laimar iskar Legas tana wuce kashi 80 cikin 100, alhali shawarar masana ita ce ta cikin ɗaki ta tsaya ƙasa da 60. Da ta wuce haka funfuna ta samu gida, haka ma wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani masu rayuwa cikin katifa da filo, waɗanda suke cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma da mura. Wa bai taɓa buɗe jaka ya tarar da takalminsa na fata ya yi fari-fari ba? Ni babbar rigata ta sallah, wadda ban fi sau biyu da sa ta ba, na tarar ta yi ɗigo-ɗigo baƙi a wuya, har hular ba ta tsira ba. Lokacin takaicin rigar kawai na ji. Ban kawo a raina cewa abin da ya ci shaddar shi muke shaƙa kullum ba. Washegarin tashin asmar muka janye katifar daga jikin bango, wallahi abin da muka gani a bayanta sai da tsigar jikina ta tashi. Baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har kusan gwiwa. Muka ɗaga kafet, ƙarƙashinsa a jiƙe. Ashe fentin da mai gidan ya yi kafin mu tare, a kan funfunar ya shafa shi.

To a nan ne maganar turare ta shigo, kuma ina taka-tsantsan, don na san inda take taɓawa. Turaren wutar da nake kunnawa Hajiyarmu ce ta haɗo mini shi cikin kwalba, kuma duk ranar da na kunna sai in ji kamar ina gida. Son ƙamshi abu ne mai kyau, addini ma ya kwaɗaitar da shi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu a Legas don mu danne warin danshi muke kunna shi. Warin nan kuwa saƙo ne, bango yana gaya maka akwai matsala, kai kuma ka toshe masa baki. Funfunar tana nan daram, ka kuma ƙara mata hayaƙin gawayi. Huhu bai san bambancin hayaƙi mai ƙamshi da marar ƙamshi ba. Ban daina turare ba, amma yanzu da rana nake yi, taga da ƙofa a buɗe, in abokin zamana ba ya nan, kuma ba na barin garwashin ya kwana a ɗaki.

Igiyar leko kuwa na yi sallama da ita. Wani bincike da aka buga a 2003 ya auna hayaƙinta, ya gano guda ɗaya tana iya fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Ba a ce illarsu ɗaya ba ta kowace fuska, amma ka duba adadin mana. Mu da in aka ga ɗayanmu da sigari sai an kai ƙararsa gida, ga mu muna kunna wannan kusa da kanmu, mu rufe ƙofa mu yi addu'ar barci. Fiya-fiya ma ba ta fi ba. Sinadarin da aka fi haɗa ta da shi maganin ƙwarin gona ne, irin wanda NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a 2019, amma har yau akwai masu yayyafa shi ƙarƙashin katifa su kwanta nan take. Gidan sauro fa? Sai a ce zafi. E, akwai zafi in taga tana rufe. Ka sa raga mai kyau a tagar ka buɗe ta, ka shiga gidan sauronka, ka ga in ba ka yi barci ba.

Wanda ba na wasa da shi ko kaɗan shi ne janareta. Sauran abubuwan a hankali suke cin mutum, wannan a dare ɗaya yake gamawa. Gidanmu irin mai ɗakuna suna kallon juna ne, da dogon lungu a tsakiya. Wani maƙwabcinmu, duk ranar da ake ruwa ko yake tsoron ɓarayi, sai ya shigo da ƙaramin injinsa cikin lungun ya tayar. Iskar kabon monoksaid da yake fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin take kamawa sau sama da 200, shi ya sa mai barci ba ya farkawa, daga barcin sai wucewa. Sau nawa muka ji a labarai an wayi gari da iyali guda a mace a ɗaki, inji yana lungu ko kicin? Alamunta na farko ciwon kai, jiri da tashin zuciya, irin abin da mu nan da nan za mu ce maleriya ce mu nufi kemis. In duk 'yan ɗaki kuka tashi da ciwon kai tare, kuma kuna fita waje ya sake ku, ku binciki abin da ke ci da wuta kusa da ku. Ƙa'idar ita ce inji ya zauna a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙin yana kallon wani wajen. Na san a Ojota samun mita 6 ma aiki ne. Amma lungu dai a'a. Sai da muka haɗa da kawuna, wanda yake sana'a a Mile 12 kuma shi ya kama mana ɗakin, ya zo ya yi wa mutumin magana cikin girmamawa, muka yi karo-karo aka yi wa injin keji na ƙarfe a bayan gida. Har yanzu gaisuwarmu da shi ba ta koma daidai ba. Na yarda da hakan.

Wani ɗan ajinmu ya ce mu sayi na'urar tace iska mana. Na'urar tana aiki, ba ƙarya. Matacin da ake kira HEPA yana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu matuƙar ƙanƙanta. Akwai ma na haɗin hannu da ya yaɗu a Amurka lokacin korona a 2020, akwatin Corsi-Rosenthal, fanka mai kusurwa huɗu da aka liƙa wa matatai masu lambar MERV 13 da salatif. Wanda yake da hali, musamman mai asma da ke kusa da babban titi, ya saya, zai ga amfaninsa da hunturu. Amma sai da wutar lantarki take aiki, matacin yana buƙatar canji, kuma ba ta cire kabon monoksaid, ba ta busar da bango. Ɗalibin da yake lissafin kuɗin BRT ba daga nan zai fara ba. Ita kuma dabarar rataya jiƙaƙƙen zani a taga, a bar ta a Kano da hunturu. A nan ƙarin danshi ne kawai.

Fanka ma mun yi mata mummunar fahimta. In ɗaki yana rufe, iskar da kuka fitar take juya muku. Mutum uku a ƙaramin ɗaki, kafin asuba iskar da muke fitarwa daga huhu tana iya ninka ta waje sau da yawa, shi ya sa kake tashi kanka ya yi nauyi kamar ba ka yi barci ba, ka je lakcar ƙarfe takwas kana gyangyaɗi. Iska sai ta samu mashiga da mafita. Mu abin da muke yi yanzu, mu buɗe taga mu buɗe ƙofa tare, mu sa fankar tsaye a bakin tagar tana kallon waje, ta riƙa jan iskar ɗakin tana fitarwa. Muna kuma duba lokaci. Da magariba, go-sulo ya haɗu, injina sun tashi, mata suna girki a lungu, sai mu tura tagar. In an kawo wuta injina sun yi shiru, ko bayan an ɗauke ruwa, ko da tsakar rana in rana ta fito, sai mu wangale komai. Risho ya koma waje. Kafet mun naɗe shi mun yar, mun bar siminti da tabarmar roba. Katifa tana kan katako, da tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, kuma duk ranar da rana ta buɗe muna fitar da ita da filo. Bangon mun wanke shi da omo da ruwan bilic, ƙofa a buɗe, fuska a rufe, mai asmar kuma muka kore shi makaranta ranar. Kada wanda ya haɗa bilic da wani sinadarin wanki don ya ƙara ƙarfi, iskar da yake tayarwa guba ce.

Ban ce ɗakin ya zama aljanna ba. Olusosun tana nan, kuma bangon zai sake baƙi muddin ba a gyara bututun da ke yoyo a bayansa ba. Amma tun daga ranar asmar ba ta sake tashi da dare ba, murar da nake fama da ita wadda na laƙaba wa suna "murar Legas" ita ma ta yi sauƙi.

Sababbin ɗalibai suna tafe, 'yan UNILAG da YABATECH da LASU, da yawansu ba za su samu hostal ba, 'yan uwa za su nema musu ɗaki a Agege ko Ketu. Tambayoyinmu kullum uku ne, akwai ruwa, akwai wuta, nawa ne kuɗin. Don Allah wanda zai raka ƙaninsa duba ɗaki ya ƙirga tagogi, ya leƙa ya ga me tagar take kallo, fili ko bangon maƙwabci ko kwata. Ya shafa ƙasan bango da hannu, ya yi zargin sabon fentin da aka yi wa gefe ɗaya kawai, ya tambayi inda 'yan gidan suke ajiye injinansu. In da hali ya je bayan an yi ruwan sama. Shugabannin ƙungiyoyin ɗaliban Arewa da na MSSN, a taron tarbar sababbin ɗalibai ku ware wa wannan ko minti goma ne, ku samo ɗan sashen likitanci ya yi bayani da Hausa.

Wanda ya san kafinta mai sauƙin kuɗi a wajen Ketu ko Ojota da ke sa ragar taga mai ƙarfe a baya, ya taimaka ya turo mini ta inbos. Tamu ta fara yagewa ta ƙasa, kuma kiyateka ya ce ba ruwansa.