Idan ɓarayi suka ci kuɗi da katin banki, wa zai ɗauki asarar?

Tun bayan ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi a farkon 2023, katin banki da na'urar POS suka zama abokan hulɗar yau da kullum a Najeriya. Sai dai ƙofar da ta sauƙaƙa ciniki ita ce kuma ta buɗe wa 'yan damfara hanya.

Ba lallai ne ɓarawo ya riƙe katin a hannunsa ba. Lambobin da ke jikin katin, da ranar ƙarewar wa'adinsa, da lambobi uku na bayansa kan isa a yi sayayya a wasu shafukan intanet. Wani lokacin ma mai katin ba shi da laifi ko kaɗan: a 2013 masu kutse sun sace bayanan katuna kusan miliyan 40 daga kamfanin Target na Amurka.

A Amurka, wata doka ta 1974 ta ba mai katin bashi kwana 60 ya ƙalubalanci cajin da bai yarda da shi ba, kuma dokar ƙasar ta taƙaita asararsa ga dala 50. Da yake kuɗin na banki ne, bankin ke gaggawar bin sawu.

A Najeriya lamarin ya sha bamban. Mafi yawan katunan na cire kuɗi ne kai-tsaye daga asusu, don haka abin da ya salwanta albashin mutum ne ko jarinsa, kuma shi zai yi jira har a kammala bincike.

Shi ya sa mintunan farko ke da muhimmanci. Matakin farko shi ne rufe katin nan take, ta manhajar banki ko lambar USSD da bankuna suka tanada, wadda ake iya dannawa ko da wayar wani ce. Daga nan sai kai ƙorafi a rubuce, tare da karɓar lambar shaida da adana saƙonnin cire kuɗin. Idan makonni biyu suka wuce ba a warware ba, Babban Bankin Najeriya ya ba da damar ɗaukaka ƙorafin zuwa sashensa na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambar sirri. Idan ta tabbata cewa mai asusun ne ya karanta wa mai kira lambar PIN ko OTP, bankuna kan ɗora masa alhaki, dawo da kuɗin kuma ya yi wuya.

Babu bankin da ke neman waɗannan lambobi ta waya. Duk wanda ya nema, ko da ya ambaci sunan mutum da lambar BVN ɗinsa daidai, ɓarawo ne.