Mai Gajeren Hutu Ya Zaɓi Gajeriyar Turba

Dattawan ƙasar Gobir, tun daga Turba da Isa har zuwa Sabon Birni, ba su manta da labarin kakanninsu waɗanda suka tafi Makka a ƙasa ba. A wancan zamani mutum yakan yi sallama da danginsa kamar wanda ba zai komo ba, ya nufi gabas ta Barno da Wadai da Darfur, yana tsayawa noma ko ƙodago domin neman guzuri, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, wasu ma ba su dawo ba, can suka zauna a Sudan tare da jama'ar da ta yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Mutanen dā suna da lokaci, ba su da jirgi. Ma'aikacin gwamnati na yau kuwa, da ɗalibin da ya samu ikon zuwa Umra a lokacin hutu, jirgin sama zai kai su Jidda cikin 'yan sa'o'i, amma kwanakin da ke hannunsu ƙidayayyu ne. Duk da haka da yawa suna marmarin su taka wani yanki na Ƙasa Mai Tsarki da ƙafarsu. To, wace hanya ta kamata mai mako biyu ya zaɓa?

Kuskure iri biyu ake yi. Na farko shi ne na wanda zai shiga motar ziyara, a zagaya da shi wurare barkatai kafin azahar, ya sauka ya ɗauki hoto ya koma, bai san tarihin ko ɗaya ba. Na biyu shi ne na wanda zai ɗora wa kansa abin da addini bai ɗora masa ba, kamar hawan Dutsen Nur da tsakar rana, alhali hawan ba ya cikin ayyukan Hajji ko na Umra. Wannan ganganci ne. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka bayyana rasuwar mutum 1,301, galibinsu waɗanda ba su da izinin aikin Hajji, suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba mafaka.

Hanyar da ta fi dacewa da mai gajeren hutu tana Madina, watau daga Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuwa Masallacin Kuba. Nisanta bai fi kilomita uku da 'yan kai ba, an kuma gyara ta domin masu tafiya a ƙasa. Kuba shi ne masallacin farko da aka gina a shekarar Hijira, 622 Miladiyya, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah yakan ziyarce shi kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa. Wanda ya fita bayan asuba zai je ya yi nafila ya komo kafin rana ta yi zafi. Mai sauran ƙarfi yana iya ƙarawa da Uhudu wata safiya, kimanin kilomita biyar arewa da masallacin. Amma ya tuna cewa sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kilomita uku, ga kuma ɗawafi. Waɗannan su ne wajibi, su ya kamata a tanadar wa ƙarfi.

Ba Musulmi kaɗai ke fuskantar wannan matsala ba. A ƙasar Sifen, Kiristoci masu ziyarar Santiyago suna da hanyar da ke cin fiye da wata guda, amma wanda ya taka kilomita 100 ana ba shi takardar shaida, saboda haka masu ƙarancin lokaci sukan fara daga garin Sariya su gama cikin kwana biyar ko shida.

Ya kamata malamai masu yi wa maniyyata bita, da kamfanonin da ke jigilar masu Umra, su riƙa bayyana wa jama'a nisan kowace hanya da matsayinta a shari'a tun kafin a tashi. Mutumin Isa ko Sabon Birni, wanda rashin tsaro na shekarun nan ya hana shi tafiya tsakanin ƙauyuka cikin kwanciyar hankali, ya fi kowa sanin darajar hanya mai aminci. Idan Allah Ya kai shi Madina, kada sauri ya haifa masa nawa. Ya zaɓi turba ɗaya, ya san tarihinta, ya taka ta a natse, ya dawo wa iyalinsa da bakin aikinsa lafiya. Allah Ya sa a dace.