Cutar MERS: Abin da raƙuman Doha da na Kano suka koya wa masana

A watan Satumban 2012 aka ɗauki wani ɗan ƙasar Qatar daga Doha zuwa Landan cikin mawuyacin hali, huhunsa da ƙodarsa sun gaza. Gwaji ya nuna yana ɗauke da wata sabuwar ƙwayar bairos daga dangin korona, irin wadda ta kashe wani mutum a Jidda a watan Yunin shekarar. Ita ce daga baya aka raɗa wa suna MERS.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kama sama da mutum 2,600 a ƙasashe 27, kuma kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu sun rasu.

Daga ina ta fito?

A ƙarshen 2013, jami'an lafiyar Qatar tare da masana daga cibiyar Erasmus ta ƙasar Holan suka binciki wani garken raƙuma 14 da ke da alaƙa da mutum biyu da suka kamu. Sun samu ƙwayar a hancin raƙuma uku. Wannan ne karon farko da aka tabbatar da ita a jikin raƙumi.

Raƙumi kan yi 'yar majina ya warke, amma mutum na iya rasa ransa. Dalili shi ne ƙwayar na shiga jiki ta wata ƙofa da ake kira DPP4. A raƙumi ƙofar ta fi yawa a hanci, a mutum kuwa tana can cikin huhu. Idan ta isa can, takan jinkirta gargaɗin farko da garkuwar jiki ke bayarwa. Lokacin da garkuwar ta farga, sai ta mayar da martani fiye da ƙima, huhu ya kumbura ya cika da ruwa. Sau da yawa wannan kumburin ne ke kai majiyyaci ga halaka.

Abin mamaki a Kano

Mafi yawan raƙuma masu tozo ɗaya na duniya a Afirka suke. Binciken da masanan Jami'ar Hong Kong da takwarorinsu na Najeriya suka yi a Abbatuwar Kano a 2015 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na raƙuman da aka gwada sun taɓa kamuwa. Amma gwajin jinin mahauta bai nuna alamar cutar ba.

Da masanan suka koma suka duba wasu dakarun garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T, sai labari ya sauya: 18 daga cikin ma'aikata 61 da ke hulɗa da raƙuma na ɗauke da shaidar sun taɓa haɗuwa da ƙwayar. Ma'ana, tana shiga jikin mutane ba tare da an sani ba.

Gwaje-gwaje sun nuna nau'in da ke Afirka bai kai na yankin Larabawa ƙarfin hayayyafa a huhun ɗan Adam ba. Sai dai bairos na sauya kama, kuma ba kasafai asibitocin yankin ke neman MERS a jikin mai ciwon huhu ba.

Me ya kamata a yi?

Har yanzu babu rigakafin MERS da aka amince da shi. A 2015 matafiyi guda ya kai ta Koriya ta Kudu, inda mutum 186 suka kamu, 38 suka mutu, akasari ta hanyar asibitoci.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a tafasa nonon raƙumi, a dafa namansa sosai, a wanke hannu bayan taɓa shi, musamman masu ciwon suga ko na ƙoda. Ga hukumomin Najeriya da Nijar kuwa, aikin shi ne su riƙa gwada mahauta, makiyaya da alhazan da suka dawo da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, kafin ƙwayar ta sauya hali.